Sankarar Fata Mai Yaɗo: Yadda Majinyata Ke Zama da Maganin Zaburar da Garkuwar Jiki

A cikin dukan ire-iren ciwon daji da ke kama fatar ɗan Adam babu wanda likitoci suke shakka kamar wanda suke kira melanoma. Muddin yana nan a saman fata bai nutsa ba, wuƙar likita ta ishe shi: a yanke, a ɗinke, mutum ya koma harkokinsa. Amma da zarar ya bi jini ko hanyoyin kaluluwa ya sauka a hanta, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa, to, magana ta sake. Har zuwa wajen shekarar 2010, wanda cutar ta kai wa wannan matsayi galibi abin da ake ƙiyasta masa bai wuce wata shida zuwa tara ba, kuma cikin mutum goma da ƙyar ake samun ɗaya da zai ga shekara biyar.

Yanzu labari ya sha bamban. An samo waɗansu magunguna waɗanda aikinsu shi ne su zaburar da garkuwar jikin majinyaci ta yaƙi cutar da kanta, har ga shi akwai dubban mutane da suka wuce shekara goma a raye bayan an riga an ɗebe musu tsammani. Sai dai kuma kowane allazi da nasa amanu. Maganin yana da nasa wahalhalu, waɗanda ba su yi kama da na magungunan ciwon daji da aka saba da su ba, kuma wanda bai san su ba suna iya yi masa illa tun cutar ba ta yi ba. Saboda haka sanin yadda ake zama da wannan magani ya zama wani ilmi mai zaman kansa ga majinyaci da masu jinyarsa.

Mece ce melanoma?

A cikin fatar kowane mutum akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta masu yin launi, su ne ke ba fata baƙinta ko jarta, su ne kuma ke taruwa wuri guda su zama abin da Hausawa ke kira tawadar Allah. Idan waɗannan ƙwayoyi suka lalace suka shiga hayayyafa ba ƙaidi, shi ne melanoma. Babban abin da ke lalata su a jikin farar fata shi ne zafin hasken rana, shi ya sa cutar ta fi yawa a Ostareliya da New Zealand da arewacin Turai da Amurka. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen 330,000 suka kamu da ita a duniya, kusan 60,000 kuma ta yi ajalinsu.

Shekara da shekaru abin da likitoci ke da shi ga wanda cutar ta bazu a jikinsa shi ne wani maganin kemo mai suna dacarbazine, wanda aka amince da shi a Amurka a 1975. Yakan rage ƙarin a jikin mutum kaɗan, na ɗan lokaci, amma ba a taɓa tabbatar da cewa yana ƙara tsawon kwanan majinyaci ba.

Kwance linzami

Tunanin a sa jiki ya yaƙi ciwon daji da kansa ya daɗe. Tun a 1891 wani likitan fiɗa na birnin New York, William Coley, ya lura da cewa wani lokaci ƙari yakan narke bayan majinyaci ya yi zazzaɓi mai tsanani, sai ya fara yi wa masu ciwon daji allurar ƙwayoyin cuta da gangan. Waɗansu sun sami sauƙi, amma babu wanda ya iya bayyana dalili, sai aka yi watsi da hanyar bayan fitowar gashi da haske da kuma kemo.

Sai bayan kusan shekara ɗari aka gano bakin zaren. A cikin jini akwai waɗansu fararen ƙwayoyi da likitoci ke kira ƙwayoyin T, waɗanda su ne dakarun jiki: suna zagayawa suna binciken kowace ƙwayar halitta, wadda suka ga ta zama baƙuwa su kashe ta. To, da yake dakarun da ba su da mai tsawata musu suna iya afka wa mutanen gari, an halicce su da linzami a baki, domin su tsaya idan aikinsu ya ƙare. Wayon ciwon daji shi ne ya kama wannan linzami ya ja, dakarun su iso bakin ƙarin su yi cirko-cirko, suna ganinsa ba su iya taɓa shi.

A 1992 wani masani na Jami'ar Kyoto a ƙasar Japan, Tasuku Honjo, ya gano ɗaya daga cikin linzaman nan, aka sa masa suna PD-1. A 1996 kuma James Allison, wanda a lokacin yake Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya nuna cewa idan aka kwance wani linzamin mai suna CTLA-4 a jikin ɓera, ƙarin da ke jikinsa yakan ɓace. Daga binciken Allison aka sami maganin ipilimumab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Maris 2011, shi ne kuwa magani na farko da aka tabbatar yana ƙara kwanan mai melanoma da ta bazu. Daga na Honjo aka sami nivolumab da pembrolizumab, waɗanda suka fito a 2014. An ba masanan biyu lambar Nobel ta fannin likitanci a 2018.

Dalilin da ya sa melanoma ta fi yawancin cututtukan daji jin wannan magani shi ne, ɓarnar da hasken rana ya yi wa ƙwayoyinta tana da yawa ƙwarai, har kamanninsu sun yi nisa da na lafiyayyun ƙwayoyi. Saboda haka da zarar an saki dakarun jiki ba su shan wahalar gane abokin gaba.

Abin da ya sami Jimmy Carter

Mutumin da ya sa duniya ta san wannan magani shi ne tsohon Shugaban Amurka, Jimmy Carter, wanda ya yi mulki daga 1977 zuwa 1981, kuma wanda ya kawo ziyara Legas a 1978 zamanin Janar Olusegun Obasanjo. A watan Mayu 2015 ya tafi ƙasar Giyana sa ido a kan zaɓe, rashin lafiya ta sa ya komo gida da wuri. Garin bincike likitoci suka ga wani ƙari a hantarsa. Ranar 3 ga Agusta aka yi masa fiɗa a asibitin Jami'ar Emory da ke Atlanta, aka cire kimanin kashi ɗaya cikin goma na hantar, da aka auna kuwa sai aka tarar melanoma ce. Da aka ɗauki hoton kansa aka ga waɗansu ƙananan ɗigo huɗu a ƙwaƙwalwa. Yana da shekara 90 a lokacin, kuma ciwon daji ba baƙo ba ne a gidansu, gama shi ya ɗauke mahaifinsa da ƙanensa da ƙannensa mata biyu.

Ranar 20 ga Agusta Carter ya zauna gaban 'yan jarida ya bayyana musu halin da yake ciki dalla-dalla, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya ce sa'ad da aka gaya masa cutar ta kai ƙwaƙwalwa ya ɗauka 'yan makonni suka rage masa, amma ya yi mamakin yadda hankalinsa ya kwanta, domin ya yi rayuwa mai albarka. A ranar aka gasa ɗigon nan huɗu da haske, sa'an nan aka ci gaba da ba shi pembrolizumab ta jijiya kowane mako uku.

Ranar 6 ga Disamba 2015 ya shaida wa masu sauraron darasinsa na ranar Lahadi a majami'ar Maranatha da ke garinsu, Plains, a Jihar Jojiya, cewa hoton da aka ɗauka bai nuna alamar cutar a ƙwaƙwalwarsa ba. A watan Maris 2016 ya ce likitoci sun tsai da maganin, sai dai za a ci gaba da duba shi. Ya ƙara shekara tara da 'yan watanni a duniya bayan gano cutar, ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100.

Wajibi ne a yi hattara wajen ɗaukar darasi daga wannan labari. Hanya uku aka haɗa wa Carter, watau fiɗa da gashi da magani, kuma ƙananan ƙari ne aka tarar tun ba su girma ba. Har wa yau yana cikin waɗanda maganin bai wahalar da su sosai ba. Ba kowane majinyaci ke dacewa haka ba.

Yadda ake karɓar maganin

Ga wanda ya saba ganin masu shan kemo, ranar karɓar wannan magani takan ba shi mamaki don sauƙinta. Majinyaci zai zo asibiti, a ɗebi jininsa a auna lafiyar hanta da ƙoda da sukari da sauransu, likita ya tambaye shi yadda ya kwana tun zuwansa na baya, sa'an nan a sa masa ƙarin ruwa na kimanin rabin sa'a, ya tashi ya koma gida. Ana ba da pembrolizumab kowane mako uku ko shida, nivolumab kuma kowane mako biyu ko huɗu. Idan cutar ta yi ƙarfi, ko ta shiga ƙwaƙwalwa, akan haɗa ipilimumab da nivolumab har sau huɗu, daga nan a ci gaba da nivolumab shi kaɗai. Idan abu ya yi kyau, galibi akan yi kamar shekara biyu ana yi kafin a yi shawarar tsayawa.

Yawanci gashin kai ba ya zubewa, amai ma bai cika tsananta ba. Wannan sauƙi na fili shi ne ke yaudarar mutane su saki jiki, alhali kuwa haɗarin yana can cikin kwanakin da ke tsakanin zuwa asibiti da zuwa asibiti.

Idan dakaru suka juya wa gida

Linzamin da aka kwance domin a yaƙi ƙari shi ne dai wanda ke hana dakarun jiki taɓa lafiyayyun gaɓoɓi. Saboda haka babu gaɓar da ba za su iya afka wa ba. Abin da ya fi yawa shi ne kasala, da ƙaiƙayi, da ƙuraje, waɗanda kan bayyana cikin makonnin farko. Bayansu sai kumburin hanji, wanda alamarsa ita ce gudawa da murɗar ciki, wani lokaci har da jini ko majina. Akwai kumburin hanta, wanda sau da yawa ba ya nuna alama sai a gwajin jini, in ya yi nisa kuma ido ya yi rawaya kamar na mai shawara. Akwai kumburin huhu, mai zuwa da busasshen tari da haki. Akwai ciwon gaɓoɓi da bushewar baki da ta ido. Waɗanda ba su cika faruwa ba, amma suka fi haɗari, su ne kumburin tsokar zuciya da na jijiyoyi.

Waɗansu illolin sukan zauna wa mutum har iyakar ransa. Akwai wata halitta a gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, likitoci na kiranta tayirod. Idan garkuwar jiki ta lalata ta, sai mutum ya riƙa shan ƙwayar da za ta maye gurbin aikinta kullum safiya. Haka yake ga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da waɗansu biyu da ke saman ƙoda, waɗanda ke fitar da sinadarin da jiki ke jure wa wahala da shi. Mutum kaɗan kuma, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, ciwon sukari kan kama su farat ɗaya, har ya zama sai da allurar insulin.

Yawan wahalar ya danganta da irin maganin. A babban gwajin da aka yi wa mutum 945, wanda ake kira CheckMate 067, cikin waɗanda aka ba nivolumab kaɗai kimanin mutum ɗaya cikin biyar suka gamu da illa mai tsanani, amma cikin waɗanda aka haɗa wa magani biyu abin ya kusa kai shida cikin goma. Waɗanda illar magani ke yin ajalinsu ba su da yawa, kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ko ƙasa da haka, amma wannan ya isa ya sa a ɗauki kowace alama da muhimmanci.

Akwai illa guda da likitoci ba su baƙin ciki da ganinta, watau fararen dabbare-dabbare da kan fito a fata ko a gashi. Wannan yana nuna dakarun jiki sun fara farautar ƙwayoyi masu launi, kuma an lura cewa masu samun haka sau da yawa maganin yana yi musu aiki.

Ƙa'idodin zama da magani

Ƙa'ida ta farko, wadda duk sauran ke bayanta, ita ce a faɗa da wuri. Haƙuri da dauriya halaye ne na yabo, amma a nan suna iya kai mutum ga halaka. Gudawar da aka kai wa likita a rana ta farko ana iya tsai da ita da ƙwayoyi a gida. Wadda aka yi mako ana daurewa tana iya huda hanji. Idan fita bayan gida ta ƙaru da sau huɗu a rana bisa yadda aka saba, ko aka ga jini, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya yi ciwo, ko ciwon kai ya ƙi sauka, ko ƙishirwa da fitsari suka yawaita, to, ba a jiran ranar da aka ba mutum ya koma asibiti.

Mutane da yawa sukan ɓoye abin da ke damunsu don tsoron kada likita ya tsai da maganin da suka ɗora wa rai. Wannan tsoro ba shi da tushe mai ƙarfi. Bincike ya nuna cewa waɗanda aka tsayar wa haɗin magani biyu saboda illa, sakamakonsu bai gaza na waɗanda suka ci gaba ba, domin garkuwar jiki idan ta riga ta gane abokin gabanta takan ci gaba da aiki ko bayan an daina ƙarin ruwa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kada mutum ya yi wa kansa magani. Sayen maganin tsai da gudawa a kanti yana rufe alama ne, kumburin kuwa yana nan yana ci. Abin da likitoci ke kwantar da waɗannan illoli da shi shi ne magungunan sitiroyid, irin su prednisolone, waɗanda ke lafar da garkuwar jiki, kuma ana janye su sannu a hankali cikin mako huɗu zuwa shida ko fiye. Yanke su rana ɗaya yana da haɗari ƙwarai. Haka kuma duk wani jiƙo ko sassaƙe ko ƙwayar ƙarin kuzari da majinyaci ke sha, ya kamata likita ya sani, gama hantar da ake sa wa ido ita ce ke tace su duka.

Ƙa'ida ta uku, majinyaci ya riƙa yawo da kati ko takarda mai ɗauke da sunan maganin da ranar da ya karɓa. Illar tana iya fitowa watanni bayan an daina maganin, har fiye da shekara. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda ya karɓo maganin a wata ƙasa ya komo gida, inda zazzaɓi da gudawa da kasala abu na farko da za su kawo wa ma'aikacin lafiya a rai shi ne zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Daidai ne a gwada waɗannan, amma dole a san cewa akwai wani dalili na dabam da zai iya kawo su.

Kafin a fara kuma, akwai abubuwan da ba a ɓoye wa likita: wanda ke da cutar da garkuwar jikinsa ke yaƙar jikinsa tun asali, da wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta, da wanda ya taɓa yin tarin fuka ko ciwon hanta. Mace kuma akan shawarce ta kada ta ɗauki ciki lokacin maganin da watanni huɗu ko biyar bayansa.

Game da kasala, wadda ita ce kukan yawancin majinyata, mataki na farko shi ne a auna jini a tabbatar ba tayirod ko halittun saman ƙoda ne suka gaza ba, domin idan su ne, ƙwaya ɗaya tana iya mayar da mutum garau. In ba su ba ne, abin da aka ga ya fi taimako shi ne motsa jiki daidai ƙarfi, kamar tafiyar ƙasa kowace rana, da raba ayyuka a yi masu nauyi lokacin da jiki ya fi kuzari. Fata kuma tana son mai da sabulu marar zafi da tsari daga rana.

A kan abinci, wani bincike da aka buga a 2021, wanda masanan cibiyar MD Anderson ta birnin Houston suka jagoranta, ya nuna cewa majinyatan da ke cin abinci mai harza, irin su wake da ganye da hatsin da ba a surfe ba da 'ya'yan itatuwa, cutarsu ta fi daɗewa ba ta motsa ba. Ana danganta wannan da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Wannan lura ce da ake ci gaba da gwadawa, amma ta dace da abin da aka sani na cin abinci mai kyau. Wanda hanjinsa ya kumbura kuwa, likita zai sauya masa tsarin abinci har ya warke.

Zaman jiran hoto

Wahalar da ba ta fitowa a gwajin jini ita ce ta zuciya. Kimanin kowane wata uku akan ɗauki hoton jikin majinyaci a ga ko ƙarin ya ragu, ko ya tsaya, ko ya ƙaru. Kwanakin da ke gaban ɗaukar hoton, da waɗanda ke tsakaninsa da jin sakamako, su ne mafi nauyi ga mutane da yawa: barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, kowane ɗan ciwo a jiki ya zama abin zargi. Abin da ke rage wannan shi ne a nemi a gajarta tazarar da ke tsakanin hoto da ganin likita, a tafi da wani na jiki wanda zai saurara tare, a kuma rubuta tambayoyi tun daga gida.

Maganin kansa ba shi da gaggawa. Yakan ɗauki watanni kafin aikinsa ya bayyana, kuma ga mutum kaɗan, ƙasa da ɗaya cikin goma, hoton farko yakan nuna kamar ƙarin ya girma, alhali dakarun jiki ne suka cika shi suka kumbura shi. Shi ya sa idan majinyaci yana jin ƙarfin jikinsa, likita kan sake ɗaukar hoto bayan 'yan makonni kafin ya yanke hukunci.

Akwai kuma wani kaɗaici na musamman. Da yake mai karɓar wannan magani gashinsa na nan, jikinsa bai zube ba, 'yan'uwa da abokan aiki sukan ɗauka ya warke, su janye taimako, shi kuwa yana fama da gajiya da fargaba. Bayani a fili ga iyali yana maganin wannan. Idan baƙin ciki ya zarce har ya hana mutum harkokinsa, shi ma ciwo ne da ake kai wa likita.

Abin da aka gani a wurin Carter shi ne amfanin riƙe aikin da ke ba rayuwa ma'ana. Ya rage tafiye-tafiye, amma bai bar koyarwarsa ta ranar Lahadi ba, kuma a watan Nuwamba 2015, yana tsakiyar magani, ya je birnin Memphis ya sa hannu a aikin gina wa marasa ƙarfi gida. A taron 'yan jaridar nan na Agusta ya ce burinsa shi ne kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Cibiyarsa ta fara yaƙi da kurkunu a 1986, sa'ad da ake ƙiyasin mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa da shi a shekara. A Nijeriya kaɗai an ƙidaya fiye da mutum 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, kuma da taimakon mutane irin su Janar Yakubu Gowon aka kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya da Nijar a 2013. Burin nasa bai cika sarai ba, amma a shekarar da ya rasu waɗanda suka kamu da kurkunu a duniya duka ba su kai mutum 20 ba.

Abin da lissafi ya nuna

A 2024 aka bayyana sakamakon shekara goma na gwajin CheckMate 067. Cikin waɗanda aka haɗa wa magani biyu, kashi 43 cikin 100 suna raye. Cikin masu nivolumab kaɗai, kashi 37. Cikin masu ipilimumab kaɗai, kashi 19. Wani abin ƙarfafa zuciya shi ne, waɗanda suka kai shekara uku cutar ba ta motsa ba, fiye da kashi 90 cikin 100 nasu melanoma ba ta yi ajalinsu ba har ƙarshen shekara goman.

Idan aka juya lissafin kuma, za a ga cewa fiye da rabin majinyatan ba su kai shekara goma ba. Akwai waɗanda maganin bai taɓa yi musu aiki ba, akwai waɗanda ya yi sa'an nan cutar ta komo. Waɗannan ma ba a rasa abin yi musu ba. Kusan rabin masu melanoma ta fata ƙarinsu yana da wani sauyi da ake kira BRAF, wanda ke da ƙwayoyin sha na musamman tun 2011. A 2022 an amince da haɗin nivolumab da relatlimab, a 2024 kuma da wata hanya ta ɗebo dakarun jiki daga cikin ƙarin, a hayayyafa su a ɗakin bincike, a mayar wa majinyaci. Kulawar rage raɗaɗi kuwa haƙƙin majinyaci ce tun daga farko, ba sai an fid da rai ba.

Babban shingen da ya rage shi ne tsada. Da pembrolizumab ya fito a 2014, kuɗinsa a Amurka ya kai wajen dala 12,500 a wata. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada domin melanoma, amma har yanzu sun fi ƙarfin aljihun yawancin mutanen ƙasashe masu tasowa. Ana sa ran farashi zai sauko idan haƙƙin mallakar pembrolizumab ya fara ƙarewa daga 2028.

A duba tafin ƙafa

Kuskure ne a ɗauka baƙar fata ta tsira daga wannan cuta. Gaskiya ne ba ta cika kama baƙin mutum ba, amma idan ta zo masa takan zo ne inda fata ba ta da launi sosai, watau tafin ƙafa, da diddige, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, kuma wannan iri ba ruwansa da hasken rana. Shi ne ya kama shahararren mawaƙin Jamaika, Bob Marley, a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977, ya bazu a jikinsa, ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36.

Wannan iri na tafin ƙafa bai kai na hasken rana jin maganin zaburar da garkuwar jiki ba, domin ƙwayoyinsa ba su sauya kama sosai yadda dakarun jiki za su gane su da sauƙi ba. Ga shi kuma yawanci ba a kawo shi asibiti sai ya yi nisa, bayan an daɗe ana ɗaukarsa tamkar kaushi, ko sartse, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Ke nan ga mutanen Afirka babban makami shi ne ganowa da wuri.

Duk baƙin tabo a tafin ƙafa ko na hannu da ke faɗaɗa, ko mai launi fiye da ɗaya, ko marar daidaitaccen baki. Duk baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi ko ya malalo kan fatar gefe. Duk miki a diddige da ya yi makonni bai rufe ba, ya kamata likita ya gan shi, a yanki ɗan nama a auna. Tsofaffi da masu ciwon sukari, waɗanda ba su iya duba ƙafarsu da kyau, 'ya'ya da jikoki su riƙa duba musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma melanoma da aka cire tun tana saman fata, fiye da mutum tara cikin goma suna rabuwa da ita ba tare da sun bukaci ƙarin ruwa ko ɗaya ba.